"Sannu Aboki": Sharhi Kan Barkwancin Waya Da Gaisuwar Da Ake Wasa Da Ita

Wannan karon zan ɗan ajiye maganar kwata da ta wutar lantarki, in taɓo wani abu da ya fi su shiga gidajenmu, domin shi ba ya jiran a buɗe masa ƙofa. A aljihun 'ya'yanmu yake kwana.

Kwanakin baya bayan sallar isha'i na tsaya wajen mai shayi, sai na tarar da samari sun yi dafifi a kan waya ɗaya suna ta ƙyaƙyata dariya. Ɗayansu ya miƙo mini, ya ce, "Baba, don Allah kalli wannan." Ɗan gajeren bidiyo ne na barkwanci, irin waɗanda ake yi a Legas. Wani ne ya sa babbar riga da ka gani ka san ta aro ce, ya karkata hula, ya rataya rediyo, ga buta a hannu. Aka gaishe shi da Turanci, ya ce "sannu, sannu." Aka tambaye shi hanya, ya ce "kai, walahi." Aka ce masa gidan da yake gadi ya kama da wuta, ya washe baki ya ce "rankadede." Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yi dariya. Sai da na kama hanyar gida abin ya fara yi mini ɗaci a baki, kamar goron da aka ci ba a duba cikinsa ba.

Tun daga ranar na sa yaran gidana suka riƙa tattaro mini irin waɗannan bidiyoyi, na waɗanda suke kwaikwayonmu da kuma na 'ya'yanmu na nan unguwa da su ma suka shiga sana'ar. Na zauna na kalle su a tsanake, kamar yadda ake duba buhun wake kafin a yi ciniki. Abin da na gani shi ne kusan dukkansu jarinsu ɗaya: gaisuwa, da ma'anar da aka ɓoye a ƙarƙashinta, da kalmomin da suka yi kama da juna a kunne. Wasu sun juya jarin sun ci riba. Da yawa kuwa sun karya shi.

Gaisuwarmu dama mai ciki biyu ce

Kafin in soki kowa, bari in faɗi wata gaskiya da wasu dattawanmu ba sa son ji. Ba yaran zamani ne suka fara juya gaisuwa ba. Mun gaje ta a haka.

Ɗauki "sannu" kawai. Ita ce ta baƙo, ita ce ta maras lafiya, ita ce ta wanda ya yi tuntuɓe, ita ce kuma ta tafiya a hankali, wadda aka ce ba ta hana zuwa sai dai a daɗe ba a je ba. Amma yaro ya fasa tangaran ɗin uwarsa, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce masa "sannu da aiki," ai shi ma ya san gara ya nemi ƙofa. Ka tsoma baki a maganar da ba taka ba, wani ya dube ka ya ce "sannu, sarkin sani," ka san an wanke ka tas ba tare da an zage ka ba. Harafi ɗaya bai canza ba. Murya ce da fuska suka yi aikin.

A kasuwa abin ya fi haka. Ka taya kaya, mai kaya ya ce "albarka," to ya ƙi tayinka ke nan, sai dai ya ƙi shi da kalma mafi daɗi da yake da ita. In ya yarda sai ya ce "na sallama," ko "Allah ya ba mu alheri." Ita kuma sallamar, da ita ake shiga gida, da ita ake fita daga salla, da ita ake korar yaron shago, kuma in aka ce wane ya yi sallama da duniya sai dai a tambayi lokacin jana'iza. Almajiri ya tsaya a ƙofa ka ce masa "Allah ya ba da," ya san yau babu. "Bismillah" kan zama zo mu ci, kan zama zauna, kan zama fara magana muna ji, kuma in mutum biyu sun naɗe hannun riga ɗaya ya ce "to bismillah," sai a nemo masu rabo. A ranar Sallah "Allah ya maimaita mana" addu'a ce da kowa ke amsawa da amin. Faɗe ta ga ango a gaban dangin amarya ka ga yadda za a harare ka.

Hatta ita kalmar "gaisuwa" tun zamanin kakanni ba baki kaɗai take nufi ba. Wanda zai je gaida sarki ko hakimi ba ya zuwa hannu sake, kuma abin da ya riƙo ɗin sunansa gaisuwa. A neman aure akwai kuɗin gaisuwa. Yaro ya ce maka "barka da Sallah" ya ƙi motsawa, ba amsa yake jira ba. Saboda haka idan direban tirela ya sauko da albasa daga Arewa, aka tsayar da shi a shinge aka ce masa "Alaji, mun gaishe ka," ba ya buƙatar tafinta. Ya san ana maganar na goro ne, kuma mu mutanen Sabo, da kakanninmu suka gina unguwar nan a kan fataucin goro da shanu, mun fi kowa sanin yadda goro ya tashi daga abin girmamawa ya koma sunan cin hanci.

Abin lura a duk waɗannan misalai shi ne sai wanda ya san harshen ciki da bai yake iya juya shi. Ba za ka yi gatse da "sannu" ba sai ka san inda take zama da gaske. Wannan shi ne ma'aunin da zan auna masu barkwancin da shi.

Kalma biyar da rigar aro

Bidiyoyin da ake kwaikwayon Bahaushe a cikinsu, mafi yawansu Hausarsu ba ta wuce kalma biyar ko shida ba: aboki, sannu, kai, walahi, shikena, rankadede. Da su ake buɗewa, da su ake rufewa. Ba a gina wani labari da zai sa kalmar ta juya ta ba da ma'ana ta biyu. Abin dariyar kawai shi ne wai mutumin bai ji abin da aka ce masa ba. Yau maigadi ne, gobe mai gyaran takalmi, jibi ɗan canji, amma kullum shi ne wanda kansa bai ja. A matsayin sana'a ma wannan lalaci ne. Mai barkwancin da ya maimaita wasa ɗaya sau ɗari, rigar kawai yake canzawa.

Dubi abin da ya sami "aboki." A wajenmu kalma ce mai nauyi. Akwai abokin ango, akwai abokin ciniki, akwai abokiyar zama, akwai abokin kuka da aka ce ba a ɓoye masa mutuwa. Yadda ta shiga bakin mutanen Kudu ma ta hanyar alheri ne: mai shago ko mai nama yakan kira mai saye da "abokina," su kuma suka mayar masa. Sannu a hankali ta tashi daga kira ta koma suna, daga suna ta koma laƙabi, har ta kai yau ɗan Legas zai ce wa ɗan'uwansa kada ya mai da shi "aboki," yana nufin kada ya mai da shi wawa. "Malam" ma haka ta sha. Sunan da muke ba wanda ya yi shekaru a gaban allo da littafi, a nan ya zama "mola," sunan duk wanda ya fito daga Arewa ko da bai san alif ba. A 2012 mawaƙin nan na Jos, Ice Prince, ya fitar da waƙa mai suna "Aboki," inda ya ɗauki kalmar a matsayin kirari. Ya yi ƙoƙari, waƙar kuma ta zagaya ƙasa, amma waƙa ɗaya ba ta iya wanke abin da ake shafawa kullum.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce "rankadede." Asalinta "ranka ya daɗe," addu'ar tsawon rai. A bakin masu barkwanci da wasu marubutan jaridun Kudu ta zama sunan biyayyar makanta, wai mu mutane ne da ba mu iya cewa a'a ga babba ba. Abin mamaki, masu wannan magana su ne mutanen da saurayinsu ke kwanciya rub da ciki ya gaida dattijo, kuma suke yi wa sarkinsu addu'ar rawani ya daɗe a ka. Ban ga laifinsu ba, tarbiyya ce mai kyau, kuma addu'arsu da tamu ma'anarsu ɗaya. Sannan wanda ya san tarihi ya san ba daga Kudu aka fara sukar fadanci ba. Tun 1950 da aka kafa NEPU a Kano, Malam Aminu Kano da mutanensa suke koya wa talaka ya ɗaga kai, wasunsu har gidan yari suka sha a kan haka. Bahaushe ya san bambancin ladabi da fadanci, yana da suna ga kowanne. Mai barkwancin da ya san wannan da ya samu wasa mai zurfi: bafaden da ke cewa "ranka ya daɗe" da baki, cikinsa kuwa yana ƙirga kwanakin maigidan. Amma sai ka san harshe za ka kai nan.

Kwatanta su da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023. Shi ma da karyayyar Hausa da karyayyen Turanci ya yi suna. To amma shi tsohon soja ne, ya zauna a bariki, ya san yadda harsuna ke cakuɗewa a bakin kurtu. In ya karya kalma, ya san inda ya karya ta da dalilin karyawar. Shi ya sa sojan da ake kwaikwayo shi ne kan gaba wajen dariya. A bidiyoyin "aboki" kuwa, wanda ake kwaikwayo shi kaɗai ne ba a gayyata ba.

Inda harsuna biyu suka yi karo

Yanzu bari in yaba, don kada a ce tsoho ya zo da tsaki kawai. Mafi kyawun abin da na kalla 'ya'yanmu ne na nan suka yi shi, waɗanda aka haifa a Sabo, suka yi makaranta da 'ya'yan Yarabawa, suke jin harsunan biyu kamar ruwa.

A ɗaya daga ciki, wata dattijuwa Bayarabiya ta zo wucewa ta gaban mai shayi da safe ta ce "e kaaro," wato ina kwana. Wani baƙo da ya sauka daga mota jiya, yana zaune da kofinsa, ya ji kamar an ce "a ƙaro," ya miƙa kofi ya ce Allah ya saka wa Hajiya. Da rana ta dawo ta ce "e kaasan," ya ce wallahi bai sani ba. Ta gode wa mai shayi ta ce "e she," baƙon ya ce ashe me? Wasan bai kai minti biyu ba, amma an gina shi hawa-hawa, kuma a ƙarshe dattijuwar ce ta taya biredi, mai shayi ya ce mata "albarka," ta ji kalmar da ta sani a harshenta, "alubarika," ta ɗauka an sa wa cinikin albarka, ta sa biredi a jaka. Sai baƙon nan ne ya zama mai yi mata bayani. Kowa ya ci, an ci kowa. Na nuna wa wani maƙwabcina Bayarabe da muka daɗe tare, ya yi dariya har da hawaye, ya ce a tura masa.

Irin wannan ma'adini yana nan jibge, ba a ko taɓa shi ba. Bayarabe in yana roƙon a ji tausayinsa yakan ce "shaanu mi," Bahaushen Kara kuwa abin da zai ji shi ne shanu. Mutanen Badun kuma, waɗanda sauran Yarabawa ke tsokana da cewa ba sa raba "sa" da "sha," a bakinsu kalmar kan fito kamar "saanu," ta koma kusa da sannunmu. Gaisuwarsu ta "e ku," wadda suke liƙa wa komai, e ku ishe, e ku ile, e ku ijoko, daidai take da yadda muke cewa sannu da aiki, sannu da gida, sannu da zama. Duk ƙasar nan da wuya ka sami al'umma biyu da suka yi kama a yawan gaisuwa kamar mu da su. Kuma "ku" ɗin nan a harshensu ta yi daidai da kalmar mutuwa, su da kansu suna wasa da hakan. Saboda yawan faɗinta ne ma aka sa wa Yarabawan da aka 'yanto daga jiragen bayi aka sauke a Saliyo suna Aku. Ka ga ashe ba mu kaɗai ba ne aka raɗa wa suna daga gaisuwarmu.

Ko sunan unguwarmu abin wasa ne ga mai kunne. Sabo daga Sabon Gari, wanda aka keɓe wa Hausawa a nan Ibadan a 1916. Sauya murya kaɗan ya zama sabo na shaƙuwa, wanda aka ce turken wawa ne. Lanƙwasa harafin tsakiya ya zama saɓo, Allah ya tsare mu. Na ji wani yaro a cikin bidiyonsa yana cewa kakansa ya zo Sabo yana sabo, sabo ya hana shi komawa. Wannan magana ce da ko a Kano za a tafa mata. Matsalar ita ce da yawa daga yaranmu in suna rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, kuma wasunsu ko a baki sun fara sakinta. Ranar da "ɓ" da "b" suka zama ɗaya a kunnen yaro, wannan wasan ya mutu, kuma ba wasan kaɗai ba.

Ɗaga kofi da "a wanke mana"

Akwai wani sashe na bidiyoyin da ya shafi shagali, shi ma yana buƙatar a tsaya a kansa. Bahaushe ba shi da al'adar ɗaga kofi a gwara shi da na wani. Abin da muke da shi shi ne bismillah a farko, alhamdulillahi a ƙarshe, da "a ci lafiya" daga wanda ya ƙoshi. Yanzu a wajen bikin da ake yi a zauren taro, mai gabatarwa kan ce kowa ya ɗaga lemonsa a ce "ciyas." Ban ɗauki wannan da zafi ba, lemo ne, kuma na ga wani wasa mai kyau da aka yi a kai, inda aka ce wa wani dattijo ya ɗaga kofi, ya ɗaga, ya jira, da ya ga ba wanda ya zuba masa komai ya sauke ya ce yaran yanzu ba su da kunya. Haka kalmar "tos," wadda a wajen Bature sunan wannan ɗaga kofin ne, a bakin 'yan Najeriya ta koma tsara budurwa, yaranmu kuma suka ɗauko ta suna cewa wane yana tostin ɗin wance. Mu da muke da zance da tsari da hira, ban ga abin da muka rasa ba, amma wannan ƙaramin laifi ne.

"A wanke mana" ta fi ban sha'awa. Mutum ya sayi babur ko sabuwar waya, abokai su ce sai an wanke. Daga Turancin buroka aka ɗauko ta, ma'anarta a saya musu abin sha. A Hausar samari kuwa wanke mutum shi ne a damfare shi, shi ya sa ake cewa an wanke gara. To ka ga mai sabon babur da aka kai shi wajen mai nama ya biya wa mutum goma, an wanke babur, an kuma wanke mai babur. Wannan karo ne na ma'ana da ya faɗo wa masu barkwanci a hannu kyauta, kuma ɗaya daga cikin yaranmu ya gane shi ya yi amfani da shi yadda ya kamata.

Inda na tsaya cak shi ne wani bidiyo da aka nuna mutane a teburin giya, suka ɗaga kwalabe, ɗayansu sanye da hular Hausawa ya ce "barka da shan ruwa." Na gane dabarar, kalmar sha ce aka yi wasa da ita. Amma wannan gaisuwa tana da lokacinta, ita ce abin da mai azumi ke ce wa ɗan'uwansa bayan ya wuni bai sa komai a baki ba. Wanda ya ɗauke ta ya kai ta teburin giya ya san abin da yake yi, domin in bai san nauyinta ba ai ba zai ga abin dariya a ciki ba. Wanda ya yi bidiyon ba namu ba ne. Waɗanda suka riƙa tura shi daga waya zuwa waya har ya iso hannuna kuwa namu ne.

Laifi tudu ne

Kada mu taka namu mu hango na wani. Sunan da muke kiran Ibo da shi, Inyamuri, an ce daga maganarsu ta "ba ni ruwa" aka ciro shi, kuma na san da yawansu ba sa son sa, kamar yadda ba ma son "aboki." A finafinanmu na Kano an daɗe ana kwaikwayon Bagware da Bayarabe da Ibo. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya sa mun yi dariyar kabilu da dama, Baban Chinedu kuwa da kwaikwayon Ibo ya yi suna. Wasu wasannin nasu akwai basira, wasu kuwa kalma biyar ne da rigar aro, irin dai wanda nake suka. In muna so a daina yi mana, mu fara duba abin da muke kunna wa yaranmu.

Mu kuma muna da tsarin da ya warware wannan tun tuni, wato wasan barkwanci na tsakanin al'ummu. Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, sannan wanda ya fi shafarmu a nan, Bagobiri da Bayarabe. Wanda ya taɓa ganin tsohon Bagobiri ya haɗu da tsohuwar Bayarabiya a kasuwar Bodija ya san abin da nake nufi. Za su yi wa juna tatas, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, a rabu ana dariya, wani lokaci har da ƙarin gyara a mudu. Wasan yana da sharuɗɗa ko da ba a rubuta su ba. Ido da ido ake yin sa, kowa yana da bakin ramawa, kuma in ɗaya ya shiga matsala ɗayan ne kan gaba wajen taimako. Duk barkwancin da ya cika waɗannan, ko ya yi zafi, ina tare da shi. Bidiyon mai shayi ya cika su. Na maigadi mai rediyo bai cika ko ɗaya ba.

Wani abin da ya dame ni a cikin gida shi ne yadda muke cinye gaisuwar da aka tanada don ranar wuya. "Ya haƙuri" ta gidan makoki ce. Yanzu ƙungiyar ƙwallon mutum ta sha kashi a Ingila, da safe sai a bi shi da "ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙan musulmi." Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma ta zama gaisuwar gidan mai. Na san raha ce, wani lokaci har da gaskiya a ciki. Amma na halarci wata ta'aziyya a unguwar nan inda wani saurayi ya durƙusa ya ce wa mai rashi "ya haƙuri," sai abokinsa da ke bayansa ya ƙunshe dariya. Ba mugun yaro ba ne. Kalmar ce ta riga ta zama abin wasa a kunnensa, ranar da aka buƙace ta da gaske ta ƙi tsayuwa.

Abin ya zo har cikin gidana. Ɗana na uku, haifaffen nan, na aike shi Kano ya saro mana yadi a kasuwar Kwari. Ya taya, mai kaya ya ce "albarka," yaron nan ya zaro kuɗi ya fara ƙirgawa, daidai da dattijuwar cikin bidiyo. 'Yan kasuwa suka yi masa caa, wani ya ce daga ina aka samo wannan Bayaraben. Ya dawo ya ba ni labari yana dariya, amma na ga inda abin ya taɓa shi. A nan ana ce masa aboki, a can an ce masa Bayarabe. Laifin kuma nawa ne, don ni ne ban taɓa zaunar da shi a shago ya ji yadda ake ciniki da Hausa ba. Ya iya "ya ne?" da "nomal" da "ana tare," bai san amsar "ina gajiya" ba sai da ya yi tunani.

Abin da nake roƙo

Wani zai ce duk wannan surutu a kan wasan yara? To mu tuna watan Fabrairun 2021. Rikicin kasuwar Shasha, wanda aka yi asarar rayuka da shaguna da gidaje a cikinsa, daga cacar baki tsakanin mutane ƙalilan ya faro. Ban ce barkwanci ne ya haddasa shi ba. Abin da na sani shi ne mutumin da aka saba ganinsa a waya a matsayin wawa, ranar da rigima ta tashi ba a tsayawa a saurari bayaninsa. Mu da muke zaune a tsakiyar mutane fiye da shekara ɗari, muna saye da sayarwa a kan amana da bashi, ba mu da jarin da ya wuce yadda ake kallonmu da yadda muke gaisawa.

Ga 'ya'yanmu masu yin bidiyo, ku ci gaba, kuna da abin da 'yan Legas da 'yan Kano duka ba su da shi, wato kunne biyu. Ku daina kwaikwayon masu kwaikwayonku. Na ga wasunku sun fara sa rigar aro suna cewa "walahi, ba turenci" don sun ga shi ke kawo masu kallo, alhali a gida Hausarku garau take. Ku je ku zauna da dillalan Kara da tsofaffin 'yan goro, ku ji yadda ake ƙin mutum da addu'a, a karɓe shi da gatse. Rabin sa'a a wajensu zai ba ku wasan wata guda. In za ku tsokani Bayarabe, ku sa shi a cikin wasan, ku ba shi bakin ramawa.

Ga iyaye kuma, yaro ya gaishe ka da "ya ne" kada ka zage shi, amsa masa, sannan ka ja shi zuwa ina kwana, ina gajiya, ya kwanan iyali, har sai ya iya kai gaisuwa ƙarshenta. Wanda ya iya ta gaskiya, in ya ga dama ya juya ta yadda yake so, zai juya ta da kyau.

Ni dai na koma wajen mai shayin nan jiya. Dattijuwar da suka sa a bidiyon ashe maƙwabciyarsa ce ta gaske, mai sayar da ƙosai. Ta gan ni ta ce "sannu Baba," na ce mata "e ku ishe." Ta ce a ƙaro mini shayi, ita za ta biya. Na ce albarka. Ta ce ta san wannan yanzu, ba za a sake cutarta ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ya same ni bayan la'asar, amma ya fara da sallama.